Wa ke zaɓar mana hoton da muke gani a fuskar kwamfuta kowace safiya?



Duk wanda ke shiga ofisoshinmu, daga Yamai har Damagaram, in ya leƙa fuskar kwamfutocin da ke kan tebura, zai iya karanta halin masu su tun kafin su buɗe baki. Wani hoton ɗakin Ka'aba ya sa, wani na ƴarsa ranar suna, wani na ɗan ƙwallon da yake so, wani kuma na motar da yake fatan Allah ya mallaka masa. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa waiwayar wurin ba: hoton da suka tarar ranar da aka kawo na'urar, shi ne har ranar da za ta mutu. Wannan hoton da ke shimfiɗe a bayan ƴan alamomin dosiye, wanda a faransanci ake ce wa fond d'écran, mu kuma bari mu kira shi hoton bango, yana cikin hotunan da ma'aikaci ya fi kallo a rayuwarsa ko da bai lura ba. Da shi yake buɗe aiki, da shi yake rufewa.

Mu da muka fara taɓa kwamfuta a zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, babu mai manta koren tudun nan da shuɗin sama da farin gajimare. Mutane da yawa sun ɗauka zane ne, alhali kuwa hoto ne na gaske. Wani mai ɗaukar hoto, Charles O'Rear, ya ɗauke shi a 1996 a gundumar Sonoma ta jihar Kalifoniya a Amurka. Wurin gonar inabi ce da aka tumɓuke itatuwanta saboda wani ƙwaro da ya addabe su, sai ciyawa ta rufe tudun. Daga baya an sake dasa inabin, har tudun ya daina kama da hotonsa. Shi kuwa hoton ya yi zamansa shekara da shekaru a ofisoshi da sibar-kafe da makarantu. A watan Afrilu, rana na dukan kwano a Tawa, ma'aikaci na sharce zufa, ga koren tudun wata ƙasa na kallonsa.

Yanzu zamani ya kawo wani abu. Hoton bango na iya sauya kansa ba tare da mai na'ura ya ɗaga yatsa ba, kuma yana iya zuwa sabo fil daga intanet kowace safiya. Na daɗe ina amfani da wannan dabara a aikina na koyarwa, kuma ga abin da na tsaya a kai: alheri ce babba ga malami, amma da sharaɗi uku. Ya san inda ake ɗebo masa hoton, ya san abin da yake biya, sannan ya zuba nasa hotunan a ciki.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, domin mutane kan haɗa hanyoyi biyu su ɗauka ɗaya ce. Hanya ta farko ba ta buƙatar rezo ko kaɗan. Za ka tara hotunanka a dosiye guda, ka gaya wa kwamfuta ta riƙa juya su. A Windows 10 ta faransanci, wadda ita ce a hannun galibinmu, sai a bi ta Paramètres, a shiga Personnalisation, sannan Arrière-plan, a zaɓi Diaporama, a nuna mata dosiyen. Ita ce za ta tambaye ka tazarar da kake so: minti 1, minti 10, minti 30, awa 1, awa 6 ko kwana guda. Abin da ka zuba shi kaɗai za ka gani.

Hanya ta biyu ita ce ta magudanar hotuna, abin da Faransawa ke kira flux. Shafin da ke fitar da hotuna yana ajiye wata ƴar takarda a intanet, wadda jerin sababbin kayansa ne kawai: sunan hoto, ranar da aka sa shi, da adireshin inda yake. Duk sanda aka sa sabon hoto, sai jerin ya ƙaru da layi guda. Tsarin da ya fi shahara wajen rubuta irin wannan jeri shi ne RSS, wanda ya fara fitowa a 1999. A cikin kwamfutarka kuma akwai wata ƙaramar manhaja da ke zuwa ta leƙa jerin a lokacin da ka tsayar mata. In ta ga abin da ba ta da shi, sai ta sauko da shi, ta adana, ta shimfiɗa maka a fuskar na'ura. Kamar dai yarjejeniya ce da ga-ruwa: ba ka zuwa rijiya, ba ka zuwa famfo, da safe kawai ka tarar an cika maka randa. Hutun a fili yake. Sai dai mai hankali yakan tambayi ga-ruwansa inda yake ɗebowa kafin ya ba yaransa su sha.

Windows 7, wadda ta fito a 2009, ta ba da damar ɗaura hoton bango da magudanar RSS kai tsaye. A shekarar ce kuma aka buɗe injin bincike na Bing, wanda ya yi suna da sa sabon hoto kullum a shafinsa na farko, kuma daga baya aka yi masa ƴar manhajar da ke kawo hoton nan bisa kwamfuta. Windows 10 ta 2015 ta zo da abin da ake kira Windows à la une, hotunan nan da ke sauyawa kafin ka sa lambar sirri, sannan Windows 11 ta faɗaɗa shi har zuwa hoton bango. Masu amfani da Linux suna da manhaja mai suna Variety. Wayoyin hannu ma suna da irin nasu. Ke nan da yawanmu mun riga mun shiga yarjejeniya da wani ga-ruwa ba tare da an zauna an yi ciniki ba.

To, mene ne ruwan malamin makaranta da wannan? A makarantar horon malamai, cikin abubuwan farko da aka cusa mana akwai wannan: a fara da abin da yaro ke gani, sannan a kai shi ga abin da ba ya gani. An koya mana darasin harshe da hoto. Ka rataya hoton, ka yi shiru, ka bar yara su cika idonsu, sannan ka fara tambaya. Me kuke gani? Su wane ne? A ina? Me ya sa? Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin bayyana teku ga yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba ya san gaskiyar maganar. Matsalar ita ce hotunan babu su. Waɗanda muka gada a bango sun koɗe, wasu gara ta cinye, littafin labarin ƙasa kuma sai yara da dama su taru a kan guda.

Ga yadda nake yi a ajina na CM2. Ina da ƴar kwamfuta ta hannu. Da asuba, kafin in fita, nakan buɗe ta in ga hoton da ya zo, in karanta bayaninsa. In ya dace da yara, na tafi da shi; in bai dace ba, na koma ga wanda na ajiye. A aji, bayan gaisuwa da rubuta kwanan wata a allo, muna ba hoton minti biyar, ba ƙari. Ina ɗora na'urar bisa tebur, layi-layi su zo su kalla su koma. Sannan mu faɗi abin da muka gani da Hausa, yaro ɗaya ya fito ya rubuta jimla guda da faransanci, wani ya nemo mana wurin a taswira. Shi ke nan, mu shiga lissafi. Minti biyar ba komai ba ne, amma a shekara hoto fiye da ɗari ke nan ya ratsa ajin da bangonsa babu ko ɗaya.

Magudanar da na fi dogara da ita ita ce ta hukumar NASA ta Amurka, mai fitar da hoton sararin samaniya guda ɗaya kowace rana. Masana taurari biyu, Robert Nemiroff da Jerry Bonnell, suka fara ta ranar 16 ga Yuni 1995, kuma kowane hoto na zuwa da ɗan bayani da masanin fannin ya rubuta. Bayanin da turancin Ingilishi yake, sai in taƙaita wa yara. Wata safiya a lokacin sanyi, hoton wasu taurari masu shuɗin haske ya zo, a dunƙule, kamar an lulluɓe su da hayaƙi. Na tambayi yara ko sun san su, kowa ya ce a'a. Sai na ce, waɗannan fa su ne kaza da ƴaƴanta. Ajin ya ɗauki hayaniya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: “Mushe, ai kakata ta nuna mini su, amma ba su kai haka yawa ba.” Na ce mata gaskiyarki, ido shida ko bakwai yake gani, amma madubin hangen nesa ya nuna sun fi dubu, kuma hasken da kika gani daren jiya ya yi tafiyar shekara fiye da 400 kafin ya iso idonki. Wato ya baro su tun ba a kafa daular Damagaram ba. Aikin gida na ranar shi ne kowa ya fita tsakar gida bayan isha'i ya nemo su, ya kuma tambayi wani tsoho sunan tauraro ɗaya. Washegari aka kawo mini Zara matar wata, muka samu hanyar bayanin cewa ita ba tauraruwa ba ce irin sauran, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu. Hoton daga Amurka ya zo, amma sai da ya haɗu da sunan da kaka ta sani sannan ya zama darasi.

Akwai wata magudana da ta fi wannan kusa da tukunyarmu. Taurarin ɗan adam na Meteosat, waɗanda Turawa suka fara harbawa a 1977, suna can kimanin kilomita 36,000 a sama, kuma babban cikinsu yana saitin Tekun Gini. Yana zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum yake kallon wuri guda, kamar yadda kwandon talabijin ɗinka ke kallon gefe guda ba ya motsi. Ba ya wuce minti 15 bai ɗauki hoton wannan ɓangare na duniya ba, Afirka a tsakiya. Irin waɗannan hotuna ne masu hasashen yanayi ke aiki da su, har da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974. Akwai ƙananan manhajoji da ke ɗauko hoton baya-bayan nan su mai da shi hoton bango. A watan Yuni, kafin a tashi hutu, nakan ɗauko na safe da na yamma. Yara sun tashi suna jin ana cewa hadari daga gabas yake tasowa, suna ganin yadda ruwa ke cin bangon gabas na gidajen ƙasa. A hoton, sai ga dunƙulen farin gajimare a wajen Cadi, a hoto na gaba ya matso yamma, ya doshi Damagaram da Maraɗi. Abin da manomi ya sani da ido daga ƙasa, shi ne na'ura ta gani daga sama. Na lura yaron da ya ga haka yakan ƙara ganin girman ubansa, ya kuma daina jin tsoron taswira.

Haka ma hazon hunturu. Shafin NASA mai lura da doron ƙasa, wanda shi ma ke fitar da hoto kullum, ya sha nuna kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. Wurin gindin wani tsohon tafki ne mai girman gaske da ya ƙafe tun zamanin da, ya bar farar ƙura ta ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi ƙurar ta yi kudu maso yamma da ita. Daga sama sai ka ga farin zare ya miƙe daga wuri guda ya bazu. Yana cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya, kuma wani kaso nata na tsallake Tekun Atalantika har Kudancin Amurka. Ranar da muka kalli hoton, na ce wa yara su shafa yatsa a kan tebur. Kowa ya ɗago yatsa fari. Ban ƙara wani dogon bayani ba.

Yanzu kuma sai maganar kuɗi, domin waɗanda suka ƙera waɗannan manhajoji suna zaune ne inda intanet ke gudu dare da rana a kan kuɗin wata guda. Mu kuwa forfe muke saye, muna ƙirga mega kamar yadda uwargida ke ƙirga tiya. Mu yi lissafi irin na ƴan CM2. A ce hoto guda mega 2 ne, kuma ka ce wa manhaja ta sauko da sabo duk minti 10. A awa hoto 6 ke nan, mega 12. A yinin aiki na awa 8, mega 96. A wata mai kwanan aiki 22, ka haura giga 2, a kan hotunan da galibinsu ba ka ma gani ba, domin takardar da kake bugawa ta rufe su. In kuwa hoto guda ne a rana, wata duka mega 60 ne. Shawarata ga wanda ke haɗa kwamfuta da wayarsa: ya tsayar da sauyin a kan sau ɗaya a yini, ya shiga wurin saitin rezo ya kunna connexion limitée, wadda ke rage abin da Windows ke saukowa a ɓoye, sannan ya duba saitin ita kanta manhajar hotunan, don ba duka ne ke mutunta wannan umarni ba. Malamin da ke ƙauye, inda rezo sai an hau tudu, kuran kuma sai an je garin kasuwa, ba a bar shi a baya ba. In ya shigo birni karɓar albashi, ya kwashi hotuna talatin da bayanansu a kile, ya zuba a dosiye, ya kunna diaporama. Wata guda ya samu.

Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne sanin mai zaɓen. Magudanan nan iri uku ne. Akwai wadda mutane sanannu ke zaɓa, su rubuta bayani, su ɗauki alhaki, kamar ta taurarin da na ambata. Akwai wadda jama'a ke tacewa da ƙuri'a, kamar hoton rana na Wikimedia Commons, rumbun hotunan da aka buɗe a 2004, inda ake ɗauko hoton kowace rana daga cikin waɗanda masu aikin sa kai suka tantance. Sannan akwai ta uku, wadda babu kowa a bakin ƙofarta: ka rubuta kalma guda, misali teku ko Afirka, duk wanda ya sa hoto a duniya ya liƙa masa wannan kalma, hotonsa na iya faɗowa gabanka. Na taɓa halartar wani taron ƙara wa juna sani, malamai maza da mata cike da zaure, har da dattawa. Mai gabatarwa ya haɗa kwamfutarsa da majigi. Yana rufe takardarsa, sai ga hoton bakin teku ya cika bango, da mutane cikin shigar da ba ta dace da zauren ba. Bawan Allah bai zaɓi hoton ba, bai ma taɓa ganinsa ba, amma shi ya sha kunyar, kuma abin da aka riƙa tunawa da taron ke nan. Na'urar da za a buɗe gaban yara ko gaban jama'a ba a ɗaura ta da magudana iri na uku. Haka kuma ba kowace manhajar kyauta ake sa wa a kwamfutar aiki ba, don wasu talla suke shigowa da ita, wasu abin da ya fi talla muni.

Hoton da ba shi da bayani ma abin tsoro ne ga malami. Yau na'ura na iya haɗa hoton dutse da tafki da gari waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba, ya fi na gaske kyau. In ka nuna wa yaro irin wannan ka ce masa ga duniya, ka koya masa ƙarya da bakinka. Ƙa'idata ita ce: hoton da bai zo da sunan wuri, da sunan wanda ya ɗauka ko hukumar da ta fitar da shi ba, ba ya shiga ajina, komai kyansa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba a ganinsa a hoto guda sai an tara shekara ana kallo. A magudanan kyawawan wurare da na bi, duwatsu masu ƙanƙara ne, da gandun daji masu jan ganye, da tsibirai, da gadoji, da tsofaffin biranen Turai. In Afirka ta fito, yawanci zaki ne, ko giwa, ko tudun yashi babu ɗan adam ko ɗaya. Ban ce da mugun nufi ake yi ba. Kowa daga rumbun da ke gabansa yake ɗiba. Amma yaro ba ya wannan lissafi. Abin da ke shiga zuciyarsa sannu a hankali shi ne: kyau na can wani wuri, nan kuwa wurin jira ne kafin a samu hanyar tafiya. Ranar da wani yaro ya tambaye ni, ba da wasa ba, “Mushe, mu ƙasarmu ba a ɗaukar ta hoto ne?”, na fahimci cewa hoton bango ma yana koyar da darasin da ba ya cikin manhajar karatu. Mu da muke zaune a ƙasar da matasa ke ratsa hamada suna neman wancan wuri, bai kamata mu ɗauki wannan tambaya da sauƙi ba.

Maganin da na samu ba rufe taga ba ne, don yaranmu na da haƙƙin ganin ƙanƙara da teku kamar kowa. Haɗawa nake yi. Kwana ɗaya na waje, kwana ɗaya na gida. Dosiyen gida kuwa da hannuna nake cika shi. Akwai hasumiyar masallacin Agadas, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Akwai raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, waɗanda su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma. Akwai fadar Sarkin Damagaram da zanen bangon unguwar Birni, da tafkin Madarunfa, da tarin albasar Galmi, da filin kokuwa ranar da ake neman takobi. Akwai kuma waɗanda ba su da suna a ko'ina: gawo da ya yi kore shar a tsakiyar rani alhali da damina ya zubar da ganye, rumbunan hatsi bayan girbi, maƙeri a bakin aiki, mata a masussuka. In da mutum a hoton, sai da izininsa. Kowane hoto muna rubuta masa bayani kamar yadda masanan can ke yi wa nasu: wuri, kwanan wata, da jimla biyu. Yara ne ke rubutawa. Yaron da ya rubuta bayanin rumbun gidansu, ya gan shi ya cika fuskar kwamfuta a wurin da jiya wata duniya mai zobe ta cika, ba sai an yi masa wa'azin kishin ƙasa ba.

Kuma abin bai kamata ya tsaya a kwamfutata ba. Rumbun Wikimedia Commons a buɗe yake ga kowa. Duk wanda ya ɗauki hoto da hannunsa na iya buɗe rajista ya sa shi, bisa sharaɗin cewa kowa na iya amfani da shi, galibi in ya ambaci sunan mai shi. Daga nan Wikipedia ta Hausa da ta sauran harsuna ke ɗaukar hotuna. Tun 2014 ana yin gasar Wiki Loves Africa kusan kowace shekara, kowace da jigonta. Ta farko a kan abinci aka yi. Kaiwa matsayin hoton rana ba wasa ba ne, ana duba kyan ɗauka sosai. Amma ko hotonka bai kai can ba, ya shiga inda malami a Difa ko a Kano ko a Kumasi zai same shi in ya nema. Wayoyin da muke ɗaukar hoton biki da su sun isa su fara wannan aiki. In ba mu zuba ba, babu dalilin da za mu yi ƙorafi cewa ba a ɗebo mu ba.

Wani abokin aiki da nake girmamawa ya taɓa ce mini: “Malam, yara na zaune a ƙasa cikin ajin zana, kai kana maganar hoton kwamfuta?” Maganarsa na da nauyi, kuma ban ce hoto zai zama benci ko littafi ko albashi ba. Amsar da na ba shi ita ce, ginin aji ba ya hannuna, amma minti biyar na safe na hannuna. Yaron da ke ajin zana shi ya fi kowa buƙatar taga, tunda ba shi da laburare, ba shi da kuɗin tafiya. Inda na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne a kan yawa. Hoton da ke sauyawa duk minti ba ya koyar da komai, ido kawai yake saba wa gudu, irin gudun da yatsa ke yi a kan waya. Hoto guda da aka zauna da shi yini ɗaya, aka tambaye shi, aka nemo shi a taswira, aka rubuta masa jimla, ya fi ɗari da suka wuce kamar motocin kan hanya.

Saboda haka, ƴan uwana malamai da duk mai kwamfuta a gabansa, kirana ƙarami ne. Ku duba saitin na'urarku ku ga wa ke kawo muku hoto, kuma sau nawa. Ku zaɓi magudana guda da kuka san masu ita, mai zuwa da bayani. Ku tsayar da ita a kan sau ɗaya a rana. Ku riga yara ganin abin da za ku nuna musu. Sannan a wannan mako, kowa ya ɗauki hoto guda mai kyau na garinsu, ya rubuta sunan wurin da kwanan wata, ya aika wa malami ɗaya da ke wata jiha, shi ma ya aiko masa da nasa. In malaman Maraɗi da Tawa da Damagaram da Doso suka riƙe wannan musaya na shekara guda, za mu wayi gari da magudanar da mu muka haƙa, mun kuma san kowane hannu da ya zuba a cikinta.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar yaran da aka damƙa mana, ya sa mu dace. Amin.